Sheila Sherlock: Matar da ta kafa fannin likitancin hanta

Har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hanta na cikin sassan jikin ɗan Adam da likitoci ba su da abin cewa sosai a kansu.

Idan idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, ko cikinsa ya cika da ruwa, abin da likita kan iya yi bai wuce ya kwantar da shi ya zuba ido ba. Akasarin abin da aka sani game da cututtukan hanta daga binciken gawa aka samo shi, wato bayan cutar ta riga ta gama ɓarnarta.

Farfesa Sheila Sherlock, wata likita 'yar Birtaniya, tana sahun gaba na mutanen da suka sauya wannan hali. Ta shafe kusan shekaru sittin tana nazarin hantar mutane masu rai, ta rubuta maƙalu fiye da 600, kuma ita ce mace ta farko da ta zama farfesa a fannin likitancin cututtukan cikin jiki a Birtaniya. Wanda ya rubuta tarihinta a 2007 ya yi mata laƙabi da Sarauniyar Hanta.

Wadda makarantu suka ƙi ɗauka

An haifi Sheila Sherlock a birnin Dublin ranar 31 ga watan Maris na 1918, watanni kaɗan kafin a kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifinta hafsan soja ne, kuma ita kaɗai iyayenta suka haifa. A yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila ta tashi, inda ta yi karatu a wata makarantar 'yan mata da ke garin Folkestone.

Da ta nemi shiga makarantun koyon aikin likita a Ingila, sun yi ta mayar da ita, domin a zamanin guraben da ake ware wa mata ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1936 Jami'ar Edinburgh da ke Scotland ta karɓe ta.

A 1941 ta kammala karatu ta zo ta ɗaya a ajinsu, aka ba ta kyautar Ettles wadda ake bai wa ɗalibin da ya fi kowa. Ita ce mace ta biyu da ta taɓa samun ta. Duk da haka babban asibitin birnin bai ba ta aikin da ake bai wa sababbin likitoci ba, saboda ita mace ce.

Wanda ya ja ta a jiki shi ne Farfesa James Learmonth, wani shahararren likitan tiyata. Ta yi shekara guda a ƙarƙashinsa, kuma a wurinsa ta koyi yadda ake tsara bincike da yadda ake rubuta sakamakonsa a taƙaice ba tare da kewaye-kewaye ba. Wannan ɗabi'a ta bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Shawara a tsakanin sojoji

A 1942 ta koma asibitin Hammersmith da ke Landan, wurin Dokta John McMichael. Yaƙi na ci gaba, kuma ciwon shawara ya addabi rundunonin ƙawance. A wannan shekara kaɗai sojojin Amurka kimanin 50,000 ne suka kwanta da shawara bayan an yi musu wata allurar rigakafi da aka haɗa da ruwan jinin mutane. Haka kuma waɗanda ake yi wa allurar maganin tunjere a asibitoci sukan kamu da ita bayan 'yan watanni.

Bayanin da ke cikin littattafan likitoci a lokacin ya samo asali ne daga masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, tun 1865. A ganinsa wata majina ce ke toshe bakin hanyar da ruwan matsarmama ke bi ya zuba cikin hanji, sai ruwan ya koma cikin jini ya rina ido da fata. A bisa wannan fahimta ita kanta hantar lafiyarta ƙalau.

Hanyar gane gaskiya ita ce a ga hantar mutum yana tsakiyar ciwon. Wasu likitoci biyu a Denmark, Iversen da Roholm, sun nuna a 1939 cewa hakan na yiwuwa. Akan soka wata allura mai rami ta tsakanin haƙarƙarin dama, majiyyaci ya riƙe numfashinsa na ɗan lokaci, a zuƙo 'yar tsokar hanta da kaurinta bai wuce na tsinken tsintsiya ba, sannan a duba ta da madubin da ke ƙara girman abu.

McMichael ya koya wa matashiyar likitar wannan aiki, ita kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu. A 1943 su biyu tare da Farfesa John Dible suka wallafa sakamakonsu a mujallar likitoci ta Lancet. Sun gano cewa ƙwayoyin halittar hantar ne ke kumbura suna mutuwa, kuma kamannin ɓarnar iri ɗaya ne, ko a wurin wanda ya kamu lokacin annoba, ko wanda aka yi wa allura, ko wanda aka ƙara wa ruwan jini. Wannan ya taimaka wajen binne batun majinar Virchow, ya kuma ƙarfafa zaton cewa wata ƙwayar cuta ce ke yawo, ciki har da ta bakin allurar da ba a tafasa ba.

Tana da shekara 25 a lokacin. A kan wannan aiki ta rubuta kundin babban digirinta, wanda Jami'ar Edinburgh ta ba shi lambar zinariya a 1945.

Sai dai aikin ba ya rasa haɗari. Hanta cike take da jini, kuma allurar wancan zamani kan iya jawo zubar jinin da zai kai ga rasa rai. Ba a samu sauƙi sosai ba sai a 1958, da wani likita ɗan Italiya, Giorgio Menghini, ya fito da allurar da ke shiga ta fita cikin daƙiƙa guda.

Akwai kuma batun izinin majiyyaci. A 1967 Dokta Maurice Pappworth ya fitar da wani littafi da ya tayar da ƙura, inda ya soki manyan asibitocin koyarwa, musamman Hammersmith, kan yadda ake zura wa marasa lafiya bututu a jijiya ko a tsakuri hantarsu domin bincike ba tare da an yi musu cikakken bayani ba. Likitoci da yawa sun fusata da shi, amma ƙorafinsa na da tushe, kuma ya taimaka wajen kafa kwamitocin da ke tantance bincike kafin a taɓa majiyyaci. Waɗannan dabaru da ya soka su ne kuma ginshiƙin ilmin da Sheila Sherlock ta tara a shekarunta na farko.

Bayan shekara guda tana bincike a Jami'ar Yale da ke Amurka, ta dawo Hammersmith a 1948 a matsayin babbar likita tana da shekara 30. A 1951 aka zaɓe ta cikin manyan 'yan majalisar likitocin Ingila, wato Royal College of Physicians, kuma a lokacin babu macen da ta taɓa samun wannan matsayi da ƙuruciya kamarta. A watan Disamba na shekarar ta auri Dokta Geraint James, ƙwararre a cututtukan ƙirji. Sun haifi 'ya'ya mata biyu.

Lokacin da ciwon hanta ke taɓa hankali

Cikin ayyukanta na shekarun 1950, wanda ya fi shafar jinyar marasa lafiya kai tsaye shi ne bayanin abin da ke sa mai ciwon hanta ya rikice.

Duk jinin da ya fito daga hanji, ɗauke da abin da mutum ya ci, wata babbar jijiya ce ke kwaso shi ta kai shi hanta domin a tace shi kafin ya zagaya jiki. Idan hanta ta daɗe tana ciwo sai ta yi tabo ta ƙeƙashe, jinin ya kasa ratsa ta. Daga nan sai ya nemi wasu ƙananan jijiyoyi ya bi ta bayan fage. Wasunsu a maƙogwaro suke, kuma idan suka kumbura suka fashe shi ne ake ganin mutum yana aman jini.

A 1954 ita da abokan aikinta suka nuna cewa wannan jini da ya kauce wa hanta yana isa ƙwaƙwalwa da dattin da ƙwayoyin cutar hanji ke samarwa daga abinci mai furotin, irin su sinadarin amoniya. Sai halin mutum ya sauya, ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, ya kasa yin ƙaramin lissafi, hannunsa na karkarwa, har ta kai shi ga doguwar suma. Kafin a fahimci haka, akan ɗauki wasu daga cikin irin waɗannan majiyyata a matsayin masu taɓin hankali.

Tun da daga hanji matsalar ke tasowa, sai suka ce a tare ta a can. A 1957 rukuninta ya nuna amfanin maganin neomycin wajen rage ƙwayoyin cutar hanjin, aka kuma riƙa rage wa majiyyata nama da sauran abinci mai furotin.

Tushen bayanin nata na nan daram, amma maganin ya sauya. Neomycin na iya lalata ƙoda da ji, don haka aka koma ga lactulose da rifaximin. Shi kuwa hana cin furotin, wanda likitoci suka yi shekaru suna bi, bincike na baya ya nuna yana ƙara ramar da majiyyacin da dama a rame yake, kuma yanzu an daina ba da wannan shawara.

A 1955 ta fitar da littafinta mai suna Diseases of the Liver and Biliary System, a kan cututtukan hanta da hanyoyin matsarmama. Ita kaɗai ta rubuta shi, cikin gajerun jimloli da zane-zane masu sauƙin fahimta, ta kuma ci gaba da sabunta shi ita kaɗai har bugu na takwas. An fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma likitoci da yawa da ba su taɓa taka Landan ba ta wannan littafi suka san ta.

Rumfunan katako a saman asibiti

A 1959 aka naɗa ta farfesa a makarantar likitanci ta asibitin Royal Free. Makarantar ta samo asali ne daga wadda aka kafa a 1874 domin horar da mata likitoci, ta farko irinta a Birtaniya.

Wurin da aka ba ta bai dace da girman muƙamin ba. Wasu rumfunan katako ne da aka kafa a kan rufin tsohon ginin asibitin da ke titin Gray's Inn, sai an hau matakala an fita sarari kafin a kai gare su. A cikin waɗannan rumfuna ta yi shekara 15, kuma nan ne likitoci daga Turai da Amurka da Asiya da Afirka suka riƙa yin tururuwa domin neman horo. Sai a 1974 sashen ya koma sabon ginin asibitin a unguwar Hampstead.

Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinta sun san ta da kaifin harshe da rashin haƙuri da sakaci. Matashin likitan da ya zo zagayen duba marasa lafiya bai shirya ba yakan ji a jikinsa. Amma kuma ta shahara da tsaya wa almajiranta wajen neman aiki, ko da sun daɗe da barin ta. A wajen asibiti kuwa mai sha'awar wasan kurket ce, kuma mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal.

Daga wannan sashe aka samu wasu sakamako biyu da har yau ake aiki da su. Akwai wata cuta da ta fi kama mata masu matsakaicin shekaru, wadda ke cinye ƙananan hanyoyin matsarmama a cikin hanta ta bar mutum da ƙaiƙayi mai tsanani. A da, sai an buɗe cikin mace a tiyata kafin a bambance ta da toshewar babbar hanyar. A 1965, tare da Deborah Doniach da Ivan Roitt na asibitin Middlesex, suka samar da gwajin jinin da ke gano ta a wurin fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ita.

Na biyun ya shafi wani nau'in kumburin hanta da ya fi kama 'yan mata da matasan mata, inda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta afka wa hantarsa. A gwajin da rukuninta ya wallafa a 1971, mutum 22 aka bai wa maganin prednisolone, uku suka mutu. Cikin 27 da ba a bai wa ba, 15 suka mutu. Tun daga lokacin maganin ya zama abin da ake fara bai wa masu wannan cuta.

Ta kuma yi doguwar jayayya da likitocin da ke sa majiyyaci barci kafin tiyata, kan iskar halothane da suke amfani da ita. Ta dage cewa iskar na lalata hantar wasu tsirarun mutane, musamman idan an maimaita musu ita cikin ɗan lokaci. Da yawansu sun musanta, amma daga baya an tabbatar da hakan.

Nau'in B da sankarar hanta

A ƙasashen Turai giya na cikin manyan abubuwan da ke ƙeƙasar da hanta, abin da ya sa wasu ke ɗaukar ciwon a matsayin na mashaya. A Afirka ta Yamma lamarin ya sha bamban. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ce kan gaba, kuma a nan ne aikin Sheila Sherlock ya fi kusanto mutanen wannan yanki.

Wani masani Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ne ya gano alamar ƙwayar a cikin jini a tsakiyar shekarun 1960, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Da zarar gwajin ya samu, sashen Royal Free ya shiga amfani da shi. A 1970 suka ba da rahoton samun alamar a jinin masu daɗaɗɗen ciwon hanta da masu sankarar hanta, kuma suna cikin na farko-farko da suka danganta ƙwayar da sankara. Cikakkiyar hujja ta zo ne a 1981, daga wani bincike da Palmer Beasley ya yi a kan maza fiye da 22,000 a Taiwan.

A 1972 ita da almajiranta suka gabatar da wani bayani da ya zo wa mutane a ba-zata. Sun ce ɓarnar da ake gani a hanta ba daga ƙwayar kanta take fitowa kai tsaye ba, daga yaƙin da garkuwar jiki ke yi da ita ne. Wanda garkuwarsa ta tashi da ƙarfi zai kwanta da shawara, amma yawanci zai kori ƙwayar ya warke. Wanda garkuwarsa ba ta motsa ba zai ci gaba da yawo da ita shekara da shekaru bai sani ba.

Wannan ya yi daidai da abin da aka tabbatar daga baya. Cikin jarirai goma da suka kamu lokacin haihuwa, kimanin tara za su rayu da ƙwayar, alhali a tsakanin manya waɗanda ke zama da ita ba su kai biyar cikin ɗari ba. A Afirka ta Yamma kuwa akasari a ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa ko tsakanin yara, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba. Shi ya sa sankarar hanta ke kashe magidanta 'yan shekara talatin da arba'in a yankin.

A 1973 ita da Jenny Heathcote suka nuna cewa cutar na yaɗuwa ta hanyar saduwa tsakanin manya, a lokacin da aka fi danganta ta da allura da ƙarin jini kawai.

An fara samun allurar rigakafin nau'in B a farkon shekarun 1980. Gambiya ta soma wani babban shirin yi wa jarirai a 1986, Najeriya kuma ta shigar da ita cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2004. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwarsa, abin da ke da wuya a inda mata da yawa ke haihuwa a gida.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 mutane miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, kuma kashi 63 cikin ɗari na sababbin kamuwa a Afirka suke. Wani bincike da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya gano ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na mutane masu shekaru 15 zuwa 64.

Almajirai da ƙungiyoyi

A 1958 ita da amininta Hans Popper, wani masanin cututtuka haifaffen Austriya da ya koma Amurka, suka jagoranci kafa ƙungiyar masu nazarin hanta ta duniya. Ta yi editan mujallar Gut ta cututtukan ciki da hanji, ta shugabanci ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya a 1973, kuma ita ce edita ta farko ta mujallar Journal of Hepatology da aka kafa a 1985.

Almajiranta sun bazu a duniya. Roger Williams ya bar ta ya kafa sashen hanta a asibitin King's College a 1966, kuma tare da likitan tiyata Roy Calne suka fara shirin dashen hanta a Birtaniya a 1968. Jenny Heathcote ta koma Toronto a Kanada ta zama jigo a can.

A 1978 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar Dame, wadda take daidai da Sir a wurin maza. Ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban majalisar likitocin Ingila, mace ta farko da ta yi hakan, amma shugabancin bai zo hannunta ba. Sai a 1989 wata mace, Margaret Turner-Warwick, ta hau kujerar.

Ta sauka daga kujerar farfesa a 1983 tana da shekara 65, amma ba ta bar asibitin ba. An ba ta ofis a sashen tiyata, ta ci gaba da duba marasa lafiya da rubutu da halartar taruka. Tana nan aka gano ƙwayar nau'in C a 1989, wadda ta warware matsalar majiyyata da yawa da gwajin nau'in A da na B ba ya nuna komai a jininsu.

Ƙungiyar masana kimiyya mafi daraja a Birtaniya, Royal Society, ba ta zaɓe ta ba sai a 2001, tana da shekara 83. Ga mai irin aikinta, an makara ƙwarai.

Ta rasu a Landan ranar 30 ga watan Disamba na 2001, sakamakon wani ciwo da ke sa huhu ya yi tabo, makonni biyu bayan ta cika shekara hamsin da aure. Bugu na 11 na littafinta, wanda ta shirya tare da Dokta James Dooley, yana ɗauke da shekarar 2002. Wasu likitoci sun ci gaba da sabunta shi da sunanta a bangonsa, inda bugu na 12 ya fito a 2011, na 13 kuma a 2018.